Yadda Atletico Madrid ta ƙwace kofin La Liga daga hannun Barcelona da Real Madrid a 2014

Shekara tara cur, daga 2005 zuwa 2013, kofin La Liga bai fita daga hannun ƙungiyoyi biyu ba. Barcelona ta ɗaga shi sau shida, Real Madrid sau uku. Ɗaukar kofin ma ba ita ce abin mamaki ba, irin ratar da suke bai wa na baya ita ce. A kakar 2011/12 Real Madrid ta gama da maki 100, Valencia da ta zo ta uku tana da 61. Ratar maki 39 ke nan, daidai da nasara goma sha uku. Da kaka ta zagayo Barcelona ita ma ta haɗa nata ɗarin. Sauran ƙungiyoyi goma sha takwas sun riga sun sallama, abin da suke kokawa a kai shi ne matsayi na uku da na huɗu. A wajenmu ma haka abin yake. A gidajen kallon ƙwallo daga Kano har Damagaram, in ana maganar Sifaniya to ko dai kai ɗan Barca ne ko ɗan Madrid, kuma in an ce Madrid kowa ya san wacce ake nufi.

Sai ga kakar 2013/14, ɗaya Madrid ɗin, wato Atletico, ta gama a saman tebur da maki 90, manyan biyu kowacce da 87. Har yau akwai masu cewa sa'a ce, akwai masu cewa tare gida kawai suka yi suka riƙa dukan ƙafa. Sa'a ta taka rawa, zan zo kanta, dukan ƙafa ma an yi shi. Amma wanda ya tsaya a nan bai ga abin da ya faru ba. An ɗauki 'yan wasan da kowa ya riga ya yanke wa hukunci ne, aka shafe shekara biyu da rabi ana koya musu abu ɗaya har ya shiga jininsu, sannan aka tsaya dab da manya ana jiran ranar da ƙafarsu za ta zame.

A fara da kuɗi, domin su ne tushen ratar. A wancan lokaci kowace ƙungiya a Sifaniya ita ke sayar da haƙƙin nuna wasanninta a talabijin da kanta, ba kamar Ingila ba inda ake sayarwa a dunƙule sannan a raba. Tunda Real da Barca duniya ke son gani, kowaccensu tana kwasar kimanin Yuro miliyan 140 a shekara. Abin da ke zuwa hannun Atletico kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na wannan, ƙananan ƙungiyoyi kuwa ba a magana. In aka haɗa duk kuɗin shiga na kakar 2012/13, ƙididdigar kamfanin Deloitte ta nuna Real ta haura miliyan 500, Barca ta kusa kaiwa nan, Atletico tana miliyan 120. Ga kuma bashin haraji mai nauyi da gwamnati ke bin ta. Shi ya sa duk wanda ya yi fice a ƙungiyar sai an sayar da shi. Fernando Torres ya tafi Liverpool a 2007, Sergio Aguero ya tafi Manchester City, David de Gea ya tafi Manchester United, su biyun a 2011. Kafin a fara kakar da muke magana a kanta, Radamel Falcao, wanda ya ci musu ƙwallo 28 a lig a kakar da ta gabata, ya koma Monaco a kan kimanin miliyan 60. A daidai lokacin Real ta sayo Gareth Bale a kan kusan miliyan 100, Barca ta kawo Neymar. Atletico kuwa David Villa ta ɗauko daga Barcelona, yana da shekara 31, ya taɓa karaya a ƙafa, a kan kuɗin da bai wuce miliyan biyar da 'yan kai ba.

Kada dai a zarce da zancen talauci. Atletico ba ƙaramar ƙungiya ba ce, tana da kofin lig tara kafin wannan, kuma in ka cire manyan biyu ba wadda ta kai ta ɗaukar kofin a Sifaniya. A gaban Getafe ko Elche ita ma mai kuɗi ce. Talaucinta na kusa da Real da Barca ne.

Akwai kuma ciwon da ya fi na aljihu. Rabonta da kofin tun 1996, zamanin koci Radomir Antic, shekarar da ta haɗa lig da Copa del Rey, wato kofin ƙalubale na Sifaniya. A 2000 ta faɗa rukuni na biyu, ta yi kaka biyu a can. Daga 1999 ta shafe shekara goma sha huɗu ba ta ci Real Madrid ko sau ɗaya ba. Magoya bayanta sun riga sun sa wa ransu cewa in abu zai lalace a minti na ƙarshe, to a kansu zai lalace. Tun 1974 suke ɗauke da wannan, lokacin da suna gaba a wasan ƙarshe na kofin Turai Bayern Munich ta farke ana dab da tashi, sannan ta lallasa su 4-0 a wasan da aka sake.

A Disamban 2011 Albacete, ƙungiyar da ke rukuni na uku, ta fitar da su daga Copa del Rey. Aka kori Gregorio Manzano, ƙungiya tana ta goma a tebur, aka kira Diego Simeone ɗan Ajantina. Ba baƙo ba ne a gidan. Yana cikin 'yan wasan 1996, har ma shi ya fara zura ƙwallo a wasan ƙarshe na waccan kaka da ya tabbatar musu da kofi, wanda kuma da Albacete ɗin aka buga. A aikin koci ya ci lig a ƙasarsu da Estudiantes da River Plate, ya kuma tsallakar da Catania daga faɗuwa a Italiya.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya. Mutum goma sha ɗayan da suka fara wasan da ya ba su kofi a Camp Nou, filin Barcelona, a Mayun 2014 su ne Courtois a raga, Juanfran da Miranda da Godin da Filipe Luis a baya, Gabi da Tiago da Koke da Arda Turan a tsakiya, Villa da Diego Costa a gaba. In ka cire Villa, duk sauran goman 'yan ƙungiyar ne tun ranar da Albacete ta kunyata ta. Simeone bai sayo zakaru ba, waɗanda ya tarar su ya mayar zakaru. Miranda kyauta aka samo shi daga Sao Paulo. Gabi ɗan gida ne da aka taɓa sallama, ya je Zaragoza, aka dawo da shi da araha, sai ga shi ya zama kyaftin kuma zuciyar ƙungiyar. Juanfran ɗan gefe ne mai kai hari da aka sayo daga Osasuna bai samu gurbi ba, aka mayar da shi mai tsaron baya ta dama ya zauna daram. Koke yaro ne daga makarantar horon ƙungiyar. Courtois aronsa aka yi daga Chelsea, kaka uku a jere. Costa kuwa an yi ta yawo da shi, Celta, Albacete, Valladolid, Rayo Vallecano, ya yi fama da rauni a gwiwa, ya daɗe yana zaman inuwar Aguero da Forlan da Falcao. Tafiyar Falcao ce ta buɗe masa ƙofa, ya ci 27 a lig, Ronaldo mai 31 da Messi mai 28 ne kawai suka fi shi.

Ba a rana ɗaya aka kai nan ba. Kofin Europa a Mayun 2012, an doke Athletic Bilbao 3-0. Super Cup na Turai a Agustan shekarar, an lallasa Chelsea 4-1. Sai kuma wanda ya fi su duka muhimmanci, wasan ƙarshe na Copa del Rey ranar 17 ga Mayun 2013, a filin Real ɗin kanta, Bernabeu. Ronaldo ya fara ci, Costa ya farke, Miranda ya sa kai a ƙarin lokaci. A daren aka binne shekara goma sha huɗun nan. 'Yan wasan da suka shiga sabuwar kaka sun riga sun gani da idonsu cewa manyan ma ana cin su.

To me aka koya musu? Ka ɗauka kana kallon filin daga sama, Barcelona na riƙe da ƙwallo. Atletico ta ja layi biyu na mutum huɗu-huɗu, kusa da juna ƙwarai, Costa da Villa sun sauko sun tsaya a kan hanyar Busquets, ɗan tsakiyar Barca. Koke da Arda a takarda 'yan gefe ne, amma a fili ciki suke shigowa su matse da Gabi da Tiago. Duk inda ƙwallo ta nufa, gaba ɗayansu suna matsawa can a tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Tsakiyar fili, inda Messi da Iniesta da Xavi ke cin kasuwarsu, an toshe ta. Gefe kuwa an bar shi a buɗe da gangan. Sai a miƙa wa Dani Alves ƙwallo a can bakin layi, kuma tun tana kan hanya an riga an taso masa: ɗan gefen ɓangaren ta gaba, Filipe Luis ta baya, Gabi ya tare hanyar mayarwa ciki, layin fita yana bayansa. Abu biyu ya rage masa. Ko ya koma da ita baya a sake sabon lale, ko ya ɗago ta sama cikin da'ira, inda Godin da Miranda ke jira a kan 'yan gaban Barca da duk ba su kai su tsawo ba. Atletico ta yarda a yi ta ɗago mata ƙwallo har a tashi, domin wannan yaƙin ta san ita ke cin sa.

Sakamakon yana rubuce. Sau shida suka haɗu da Barcelona a kakar, biyu a Super Cup na Sifaniya, biyu a lig, biyu a Kofin Zakarun Turai. Barca ba ta ci su ko sau ɗaya ba, ƙwallo uku kawai ta zura musu a wasa shidan, kuma babu ta Messi a ciki. Wannan ita ce Barcelonar da ta zura ƙwallo 100 a lig a kakar.

In sun ƙwace ƙwallo kuma ba a ɓata lokaci. Taɓawa biyu ko uku, an jefa wa Costa a bayan masu tsaron baya, yawanci ta hagu, shi kuma ya bi ta da gudu da kafaɗa da rigima. Dubi ƙwallon da ya ci a Bernabeu ranar 28 ga Satumban 2013: Filipe Luis ya ƙwace daga ƙafar Di Maria, Koke ya zura ta tsakanin 'yan baya, Costa ya tura ta raga a minti na 11. Da wannan ɗaya mai ban haushi aka tashi. Masu cewa ba sa kai hari su tuna sun zura 77, manyan biyu ne kawai suka fi su, har Getafe sun yi wa 7-0. A ɗaya ɓangaren 26 kacal aka zura musu a wasa 38, mafi ƙaranci a gasar, Courtois ya karɓi kyautar mai tsaron ragar da aka fi ƙarancin ci.

Sai bugun kwana da bugun tazara. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin sayen wanda zai yanke mutum uku ya ci, tana da lokacin da za ta maimaita kwana ɗaya a filin atisaye har kowa ya san inda zai tsaya, wa zai tare wa, wa zai ruga turken farko. Koke da Gabi ke bugawa, Godin da Miranda da Raul Garcia ke sa kai. Wasanni da dama da suka cije, da haka aka buɗe su.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da ƙarfin jiki na fitar hankali, kuma a nan ne mai horar da su motsa jiki, Oscar Ortega ɗan Yurugai, ya shigo. Wasa 61 suka buga a kakar, kusan da fuskoki iri ɗaya, domin bencinsu ba shi da zurfi. Simeone kuma duk lokacin da 'yan jarida suka tambaye shi zancen kofi, amsarsa ɗaya ce: wasa bayan wasa. Wasu sun ɗauka wayo ne na kauce wa tambaya. Ni ina ganin magani ne ya ba ƙungiyar da ta saba ruɗewa in ta hango abu babba daga nesa.

Ban ce komai nasu abin yabo ne ba. Costa yana tsokanar 'yan baya ta hanyoyin da ba sa cikin ƙwallo. Suna yin keta da gangan don katse harin abokan hamayya tun daga tsakiya, suna kewaye alƙalin wasa, suna cin lokaci in suna gaba. Wanda ya ce wannan ya ɓata masa kallo yana da gaskiyarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce da keta aka tara maki 90. Ƙungiyoyi masu keta sun cika kowace gasa, kuma yawancinsu a ƙasan tebur suke ƙarewa.

Akwai wani lissafi da ke fayyace kakar fiye da duk wani dogon sharhi. A raba wasannin gida biyu: waɗanda manyan ukun suka buga tsakaninsu, da waɗanda suka buga da sauran ƙungiyoyi goma sha bakwai. A tsakaninsu, Barcelona ta ci Real gida da waje, 2-1 da 4-3, ta yi canjaras biyu da Atletico, ta tashi da maki 8. Atletico ta ci Real sau ɗaya, ta yi canjaras uku, maki 6. Real kuwa maki 1 tak ta samu a wasa huɗu. A kan sauran goma sha bakwai kuma abin ya juye: Real 86, Atletico 84, Barcelona 79. Ke nan Real a manyan wasanni ta zubar da kofi, Barca a ƙananan filaye ta zubar da shi, irin su Valladolid da Granada inda aka ci ta ɗaya da nema. Atletico ba ita ce ta ɗaya a kowane ɓangare ba, ta biyu ta zo a duka biyun, kuma ita kaɗai ce ba ta da ɓangaren da ta rushe. Wasa huɗun da ta sha kashi duk a waje ne, a hannun Espanyol da Almeria da Osasuna da Levante. A gidanta, Vicente Calderon, ba wanda ya ci ta a lig.

Sun fara da nasara takwas a jere. Da aka kai rabin kaka su da Barca kowa na da maki 50. Ranar 1 ga Fabrairun 2014 Luis Aragones ya rasu, mutumin da ya buga wa ƙungiyar wasa, ya horar da ita, shi ne ma ya ci ƙwallon da ta sa su gaba a kan Bayern a 1974, kuma shi ne kocin da ya ciyo wa Sifaniya kofin ƙasashen Turai a 2008. Washegari Calderon ta yi jimaminsa, Atletico ta ci Real Sociedad 4-0, ta hau saman tebur ita kaɗai a karon farko tun 1996. Sai kuma ƙafa ta zame. Real ta fitar da su daga Copa da ci 3-0 da 2-0, Almeria ta ci su 2-0, Osasuna 3-0, duk a watan. Kowa ya ce ai dama an faɗa, man ya ƙare.

A nan ne aka ci kofin, a ganina, ba a Camp Nou ba. Bayan 2-2 da Real a farkon Maris, sai suka jera nasara tara: Celta, Espanyol, Betis, Granada, Athletic Bilbao, Villarreal, Getafe, Elche, Valencia. Ƙwallo ɗaya tak aka zura musu a wasa taran, a San Mames, filin Athletic Bilbao, inda suka farfaɗo suka ci 2-1. Huɗu daga ciki 1-0 aka tashi. Ba wasanni ne masu daɗin kallo ba. Wasanni ne na mutanen da ƙafafunsu suka yi nauyi, suna samun ɗaya su rungume ta har a busa. A Getafe, Costa ya zura ƙwallo ya daki turke da ƙwauri, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, bayan 'yan kwanaki ya dawo fili. Kuma a cikin waɗannan makonnin ne suka fitar da AC Milan da Barcelona da Chelsea daga Kofin Zakarun Turai, ta ƙarshen da ci 3-1 har gida a Landan.

Makonni ukun ƙarshe kuwa kowa ya gaji, kamar ba mai son kofin. Atletico ta sha kashi 2-0 a Levante. Barca ta yi 2-2 da Getafe. Real, wadda hankalinta ya koma kan kofin Turai na goma bayan ta yi wa Bayern 4-0 a Munich, ta yi canjaras da Valencia da Valladolid, Celta ta ci ta, ta fice daga lissafi. Ranar 11 ga Mayu Barca ta tashi babu ci a Elche, wanda ke nufin da Atletico ta ci Malaga a gida da an gama. Suna 1-1 a ƙarin lokaci Adrian ya lanƙwasa wata ƙwallo da ta nufi saman raga, Willy Caballero ya yi tsalle ya taɓa ta da yatsu ta fita. Magoya bayan da suka san tarihin ƙungiyarsu sun koma gida jiki a sanyaye.

Dole a fahimci ƙa'ida ɗaya kafin wasan ƙarshe. A Sifaniya in ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki, ba ratar ƙwallaye ake fara dubawa ba kamar a Ingila, sakamakon haɗuwarsu da juna ake dubawa. Atletico na da 89, Barca na da 86, wasan farko an tashi 0-0. Saboda haka in Barca ta ci ko da ɗaya ne, maki ya zo ɗaya kuma kofi nata ne. Atletico canjaras ya ishe ta. Rabon da a ga masu neman kofi biyu sun haɗu a ranar ƙarshe haka tun 1951.

Ranar Asabar 17 ga Mayun 2014, Camp Nou ta cika, magoya bayan Atletico 'yan ɗaruruwa ne can a sama. Kafin a yi minti 25 sun rasa mutum biyu. Costa ya ruga da gudu tsokar cinyarsa ta sake kamawa, ya fita ya zauna a benci yana kuka. Arda ya bi bayansa, shi ma da hawaye. Adrian da Raul Garcia suka shigo. Minti na 33 Messi ya sauke ƙwallo da ƙirji, Alexis Sanchez ya sheƙa ta daga wani matsattsen lungu da ba wanda ya zaci za a ci daga nan, ta shige saman raga. Aka tafi hutun rabin lokaci Barcelona na zakara.

Abin da Atletico ta yi da aka dawo shi ne amsar masu cewa tare gida kawai ta iya. Ta fito ta danne Barca a gidanta. Villa ya daki turke. Minti na 49 aka samu kwana, Gabi ya ɗago ta, Godin ya taso a guje ba wanda ya bi shi, ya doke ta da ka zuwa ƙasa, ta wuce Pinto, wanda ke tsaron raga saboda Victor Valdes ya ji rauni a gwiwa tun Maris. Kwana, kyaftin da aka taɓa sallama, da mai tsaron baya. Daga nan aka koma layi biyun nan. Messi ya zura wata aka ce satar gida, hukuncin da 'yan Barca ke jayayya a kansa har gobe, kuma ba za a ce ba su da abin faɗa ba. Aka shigo da Neymar da Xavi, aka yi ta ɗago ƙwallo, Godin da Miranda suna ta mayarwa. Da alƙali ya busa, 1-1, 'yan kallon Camp Nou da aka ƙwace wa kofi a gabansu suka miƙe suna tafa wa Atletico. Kofi na goma ke nan, bayan shekara goma sha takwas.

Na yi alkawarin dawowa kan sa'a. Maki 90 da ba su isa ɗaukar kofi ba a kakanni huɗun da suka gabata, inda aka ci da 99 da 96 da 100 da 100. Barcelona ta yi shekara mai wuya: Tito Vilanova ya ajiye aiki saboda rashin lafiya kafin a fara kaka, ya rasu a Afrilu, Gerardo Martino da ya gaje shi bai taɓa zama daidai ba, Messi ya yi jinyar kusan wata biyu, shugaban ƙungiyar Sandro Rosell ya yi murabus a Janairu kan taƙaddamar kuɗin sayen Neymar. Real kuma ta watsar da maki bakwai a wasa uku a Mayu, alhali huɗu daga ciki sun ishe ta. Duk gaskiya ne. Sai dai manyan sun sha yin tuntuɓe a baya ba wanda ya amfana, domin na uku yana can baya da ratar maki ashirin ko talatin. Sannan wani ɓangare na makin da suka rasa a wannan karon Atletico ce ta karɓe da hannunta: biyar daga Real, huɗu daga Barca.

Kuɗin wannan gudu an biya shi bayan mako ɗaya a Lisbon, a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai da Real Madrid. Arda bai buga ba. Costa ya fara, minti tara ya yi ya fita, aka yi asarar canji ɗaya a banza, kuma wannan kuskuren Simeone ne. Godin ya sake ci da ka. Suna gaba har minti na 93, sai Sergio Ramos ya farke, shi ma daga kwana. A ƙarin lokaci ƙafafu sun ƙare, Juanfran yana ɗingishi ba sauran canji, aka tashi 4-1. Shekara arba'in daidai bayan abin da Bayern ta yi musu.

Kafin sabuwar kaka Costa da Filipe Luis sun tafi Chelsea, Courtois ya koma can, Villa ya nufi Amurka. Amma wannan karon gidan bai rushe ba, an kawo Antoine Griezmann da Jan Oblak, Simeone ya zauna. A 2015 gwamnatin Sifaniya ta kafa dokar da ta tilasta a riƙa sayar da haƙƙin talabijin a dunƙule, ratar rabon ta ragu duk da ba ta gushe ba. Atletico ta riƙa shiga Kofin Zakarun Turai kowace shekara, kuɗi suka riƙa shigowa, a 2017 ta bar Calderon ta koma sabon filin Metropolitano, ta sake ɗaukar lig a 2021 da Koke a matsayin kyaftin. A 2019 ta sayi Joao Felix daga Benfica a kan Yuro miliyan 126, kuɗin da ya zarce duk abin da ƙungiyar ta samu a kakar 2012/13.